Memorin SanDisk Extreme Pro 64GB: shekara ɗaya ina aikin biki da shi

Salam ƴan uwa masu hoto. Tun bara nake son in yi maganar memorin nan saboda kusan duk sati sai wani ya tare ni da tambayar wanne zai saya, to ga abin da na gani da idona.

Ni aikin biki nake yi a nan Kaduna, kamu, ɗaurin aure, dina, wani lokacin suna, daga Tudun Wada har Kawo da Unguwar Rimi babu inda ban shiga. Nikon D750 nake riƙewa don hoto, Sony A6400 kuma don bidiyo. Abin da ya sa na koma Extreme Pro wata ɗanyar asara ce da na yi, na sayi wani memori 128GB a wani shago a cikin gari da araha sosai, kwalinsa tsaf kamar orijina, na je na ɗauki kamu tun la'asar har bayan isha, a kamara komai na nunawa lafiya lau, sai da na dawo gida na zura a kwamfuta na ga rabin hotunan sun ƙi buɗewa. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Da safe uwar amarya ta kira, na ce Hajiya ki yi haƙuri a ba ni kwana biyu, ni kaɗai na san abin da ke cikina. Da na gwada shi da H2testw, manhajar kwamfuta da ke gwada ainihin girman memori, ashe abin da yake ɗauka na gaskiya bai kai 8GB ba, sauran duk ƙarya ce aka rubuta masa, yana cika sai ya riƙa zubar da aiki kai kuma kana ta dannawa.

To shi wannan da nake magana a kai, a jikinsa an rubuta 200MB/s ɓaro-ɓaro, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Wannan lambar gudun karantawa ce, wato lokacin da kake kwashe aiki zuwa kwamfuta, ita ma ba za ka same ta ba sai da kad rida na kamfanin, don UHS-I, tsarin haɗin da wannan memori yake amfani da shi, iyakarsa ta asali 104MB/s ce. Abin da ya shafi kamara shi ne gudun rubutawa, na wannan 90MB/s kamfanin ya ce yana kaiwa. Ka duba ƙananan alamomin, U da 3 a ciki, da V30, ma'anarsu ba zai sauka ƙasa da 30MB a sakan ba. Class 10 da ake ta yi mana talla da shi a kasuwa 10MB a sakan ne kawai.

A wajen aiki fa? Nan ne na ji daɗin kuɗina. Lokacin liƙi, amarya da ango na tsakiyar fili ƙawaye sun yi musu caa, sai in danne maɓalli in bar D750 tana ta harbawa, hoto 6 da rabi a sakan, kowane RAW, wato ɗanyen hoton da ba a sarrafa ba, kusan 30MB. Da ina sa SanDisk Ultra, wanda ya fi wannan araha, ana ƴan harbi sai kamara ta shaƙe, ƴar koriyar fitilar nan ta baya ta kunnu ta ƙi mutuwa, kana tsaye kana kallo uban ango ya zo ya yi liƙinsa ya wuce ba ka samu ba. Da Extreme Pro ma tana cika idan ka matsa mata, amma nan da nan take sakewa, kafin ka gyara tsayuwa ta dawo. A Sony kuma dama idan memori ba U3 ba ne ba za ta yarda ta yi maka 4K na 100Mbps ba sam, wannan kuwa ya karɓa babu gardama, 64GB na ba ni awa ɗaya da ƴan mintuna.

Inda ban ji daɗi ba, tsada. Ya fi Ultra kuɗi sosai, ga dala kullum tana wasa da farashi. Sannan ɗan makullin nan na gefe, na ɗaya daga cikin nawa ya fara saki, wani lokacin ina zurawa sai ya zame kamara ta ce a kulle yake. Kuma wanda kamararsa ke cin UHS-II, mai layin ƙarfe biyu a baya, wannan ba zai fitar masa da ƙarfinta duka ba, gara ya nemi V60 ko V90.

Kar ka tsorata idan ka sa 64GB ka ga 59 da wani abu, haka lissafin yake, ba cuta ba ce. Masu tsofaffin kamara kuma su duba littafinta tukuna, wasu memori nau'in SDHC kaɗai suke karantawa, iyakarsu 32GB.

Yanzu 64 guda huɗu gare ni, na fi son haka da babba guda ɗaya. A D750 ina sa biyu in saita ramin na biyu ya riƙa kwafar duk abin da na farko ya ɗauka, fomatin kuma a cikin kamara nake yi ba a kwamfuta ba. Duk sabon da na saya sai ya kwana a H2testw kafin ya ga filin biki, kuma tun a shago nake faɗa wa mai kaya, Alhaji zan je in gwada, in bai cika ba gobe da safe zan dawo maka da shi.