Tikitin wasan kiɗa ko seshin? Ƙanina ka riƙe kuɗinka

Ƙanina da kake tambaya ko ka sayi tikitin daren kiɗan gargajiya da ka ga ana talla, ko kuwa ka nemi inda makaɗa ke zaman kansu in ka shiga Dablin ta ƙasar Ayilan da Edinbara ta Sikotlan, wannan zaman nasu da ake kira seshin za ka je. Tikitin nan bar shi inda ka gan shi. Ni na taɓa saya, ni na san yadda na ji.

Shekarata ta farko ce a Dablin, ban san gabas ba ban san yamma ba, wani yaro da takardun talla a hannu ya tare ni a unguwar Temple Bar, baki kamar an zuba masa zuma, wai kujera biyu ce ta rage wai in ban biya yanzu ba shikenan. Yuro 55 na ƙirga na ba shi, harda abinci a ciki. Da aka kawo abincin ashe naman sa ne da aka dafa da giya, to kaga ni da shi sai kallo, burodi da bota na ci na kora da ruwa. Kujerun da aka ce sun ƙare kuwa rabin ɗakin babu kowa. Ba zan ci haƙƙin 'yan rawar ba, sun iya buga ƙafa, irin salon nan da ya bazu tun da wasan rawar Riverdance ya fito a gasar waƙa ta Eurovision a 1994. In dattijai za ka kai ko yara, kana so kowa ya samu kujera a fara a kan lokaci a tashi a kan lokaci, to ba laifi. Iyakar alherin da zan iya faɗa a kansa kenan.

Seshin kuma wani abu ne daban. Ba wasa ba ne da ake shirya wa 'yan kallo. Makaɗa ne ke haɗuwa a lungun mashaya su kewaye tebur ɗaya suna fuskantar juna, babu dandamali babu lasifika babu kuɗin shiga, kai da ka zo saurare albarkacinsu kawai kake ci. Wanda ya fara kai ni wani abokin aikina ne, ya gaji da jin ina ƙorafin Yuro 55 ɗina, wata ranar Lahadi da yamma ana yayyafin nan nasu da baya ƙarewa ya ce taso mu je Cobblestone. A Smithfield take, in ka hau Luas, jirgin ƙasan cikin garin, jan layi ka sauka a tashar Smithfield ɗan taku kaɗan ne. Ɗaki ne tsukukke, kana tura ƙofa za ka gan su nan gaba kusa da taga. Ni da ƙauyancina na hango kujera babu kowa na je na zauna daram, ashe wurin makaɗa ne, wani dattijo mai goge ya yi murmushi ya ce me kake kaɗawa, na ce babu, ya ce to matso nan bayana ka fi jin daɗinsa. Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage, amma wurin da ya nuna min ɗin ya fi ko'ina.

Daga nan na ga abin da kyau. Goge uku irin na Turawa, sarewar katako ɗaya, wata yarinya da ba za ta wuce shekara 20 ba da ɗan ƙaramin akodiyon mai kusurwa shida da suke ce wa konsatina, sai mutum ɗaya da algaitarsu ta Ayilan. Ita wannan ba da baki ake hura ta ba, mafuri ne ɗaure a gwiwar hannu yana matsawa kamar zugazugin maƙera, jaka a ɗaya hammatar, shi ya sa ma sunanta uilleann daga kalmarsu ta gwiwar hannu ya fito. A 2017 UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya. Babu takarda gaban kowa, duk da ka suke yi. Mutum ɗaya zai ɗauko kiɗa, waɗanda suka san shi su faɗo ciki, wanda bai sani ba ya ɗora gogensa a cinya ya saurara. Za su maimaita shi sau biyu ko uku, sai ka ji wani ya ce "hop" ko ya ɗaga gira kawai, gaba ɗaya su juya zuwa wani kiɗan ba tare da an tsaya ba. Har ƙasan katakon kana jin yana motsi saboda ƙafafuwa. Can wajen ƙarfe bakwai aka fara "shhh" daga gaba har ƙurya, wata mata ta rufe ido ta fara waƙa da harshensu babu kiɗa ko ɗaya, mai zuba abin sha ma ya dakata. Kalma ɗaya ban gane ba amma tsigar jikina ta tashi. Da aka huta na tambayi dattijon sunan kiɗan da suka gama, ya yi dariya ya ce shi ma bai sani ba, a wurin babansa ya ji shi. Abin da na kashe a daren nan kuɗin lemo biyu ne.

Kuma mutanen garin ba sa wasa da wurin. A 2021 da aka so a gina otal a kansa, jama'a suka fito kan titi da gogensu da gangunansu suna zanga-zanga, ƙarshe hukumar birnin ta ƙi ba da izini.

In Cobblestone ta cika, akwai O'Donoghue's a Merrion Row kusa da St Stephen's Green, tsohon wuri ne mai tarihi, nan ƙungiyar mawaƙa ta Dubliners ta taso a farkon shekarun 1960, sai dai baƙi sun yi yawa yanzu. In kana da kwana ɗaya na rara ka hau mota ka tafi Galway, Tigh Cóilí da Crane Bar ba za su ba ka kunya ba.

Edinbara ban zauna ba, zuwa nake yi in dawo, amma abin da na sani shi ne Sandy Bell's a Forrest Road, kusa da jami'a, ita ce gidan abin. Ƙarama ce sosai, yawanci a tsaye za ka ƙare, makaɗan suna can ciki. Royal Oak a Infirmary Street ita kuma ta fi ƙarfi wajen waƙa. Kunnenka zai ji bambanci, 'yan Sikotlan goge ya fi yawa a wurinsu, kuma suna da wani salo da ake kira strathspey mai ɗan tsalle-tsalle kamar mai ɗingishi da gayya, ba kasafai za ka ji shi a Dablin ba. Kada ka je kana jiran babbar algaitar nan ta masu siket, ba a cika busa ta cikin ɗaki ba don ƙararta sai ta kori kowa, a kan titin Royal Mile za ka same su, in ka ɗauki hoto ka jefa musu 'yan canji don sana'arsu kenan. Gilasgo kuma tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa, akwai Ben Nevis a Argyle Street, matasan makaɗa ne ke cika ta kuma gudu suke yi kamar ana binsu.

Na san abin da ke ranka don ni ma ya dame ni, mashaya ce. Gaskiya ne, ba zan yi maka kwana-kwana ba, ana shan giya a wurin. Babu wanda zai tilasta maka ko ya yi maka kallon banza in ka ce lemo ko shayi, sigari ma an hana sha a ciki tun 2004 a Ayilan, 2006 a Sikotlan. Amma in zuciyarka ba ta kwanta da shiga ba kada ka matsa wa kanka, akwai wata hanya. Ƙungiyar raya kiɗan gargajiyar Ayilan mai suna Comhaltas da aka kafa a 1951 tana da rassa ko'ina, hedikwatarta na Monkstown a kudancin Dablin, rassan kan yi zamansu a zaurukan unguwa da makarantu, za ka ga yara da iyayensu da kakanni ana shan shayi. Su ne ke shirya Fleadh, babban bikin kiɗan gargajiyarsu, duk watan Agusta, a nan kam a bakin titi ake kiɗan kowane lungu, a Mullingar aka yi 2022 da 2023, Wexford ta karɓa 2024. Gilasgo na da bikin kiɗa na Celtic Connections duk Janairu tun 1994, yawancinsa a manyan zauruka ake yi. Wannan tikitin kam ban hana ka saya ba, don makaɗan gaske ne.

Yadda za ka bambance kuwa ba wuya. In ka leƙa ka ga mutum ɗaya da jita da makirfo yana fuskantar jama'a yana cewa kowa ya tafa, ga allo a ƙofa an rubuta kiɗan gargajiya tun safe har dare, wuce abinka. In ka ga sun ba ka baya suna kallon juna, to ka iso. Akwai shafin thesession.org da ke jera wurare gari-gari da ranakun zama, yana taimakawa, amma wani zaman an daina shi tuntuni sunan na nan, don haka ka duba Facebook ɗin wurin ko ka buga musu waya kafin ka fita cikin sanyi. Mafi sauƙi ma ka shiga shagon kayan kiɗa ka tambayi mai shagon ina ake zama yau. Na dare sai wajen ƙarfe tara ko tara da rabi yake ɗaukar zafi, ka je da wuri in kana son kujera. In da yara kake tafe ka nemi na rana, don a Ayilan ba a barin 'yan ƙasa da 18 a mashaya in dare ya yi.

In ka je gari ka ga kowa da jela kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Kada ka ce a yi maka waƙa kaza, kada ka riƙa tafi kana bin kiɗan don rikita su kake yi, jira su kai ƙarshe. Kada ka cusa wa mutum waya a fuska, tambaya tukun. Kuma don Allah ba a liƙi, na san hannunmu da ƙaiƙayi in kiɗa ya yi daɗi, "na gode" ta wadatar.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, ka yi hattara da masu shagunan tsaraba. Akwai gangarsu mai fuska ɗaya ta fatar akuya, suna rubuta bodhrán amma "bauron" suke furtawa. Na sayi ɗaya mai zanen ado a jiki, mai shagon ya rantse min aikin hannu ne na ƙasar, da na nuna wa dattijon nan ya ƙwanƙwasa ta sau ɗaya ya ce ta bango ce, rataye ta. Sautinta kamar ana dukan kwali. Haka ƙananan algaitun da ake jerawa a shagunan tsarabar Edinbara, da yawansu daga waje ake shigo da su don ado kawai, ba sa busuwa yadda ya kamata. In tsaraba kake so ka sayi 'yar sarewar ƙarfe a shagon kayan kiɗa na gaske, Clarke ko Feadóg ko Generation, ka ce mai D kake so, kuɗinta bai taka kara ya karya ba kuma ita ce yaransu ke fara koyo da ita. Mai tare ka a titi yana cewa kujera ta kusa ƙarewa kuwa ka riga ka ji labarina.

Sai maganar biza tunda daga Ingila za ka taso. In fasfon Najeriya ne da kai, bizar Birtaniya za ta kai ka Edinbara da Gilasgo har Belfast, amma ba za ta shigar da kai Dablin ba, Jamhuriyar Ayilan ƙasa ce daban da bizarta daban, kuɗinta ma Yuro ne ba Fam ba. Kada wani ya ce maka ai babu shinge a hanya ka bi ta mota, ana tare motoci a duba takardu. In bizar ba ta fito ba ka yi Edinbara da Gilasgo, sun ishe ka. Ka kuma guji Edinbara a Agusta da Dablin a makon 17 ga Maris, lokutan manyan bukukuwansu, in ba kuɗin otal ne ya yi maka yawa ba.

In kwana ɗaya tak gare ka a Dablin, Cobblestone, ka je tun da sauran haske. In Edinbara ce, Sandy Bell's. Gangar nan kuma tana nan rataye a falo, uwargida ta gaji da share mata ƙura, in ka iso ka yi min magana ka zo ka ɗauka kyauta.