Libreboot a X230 ɗina: aikin ya yi kyau, amma mai gyara ya bar ni da ciwon batir

Ban taɓa zaton kwamfutar da aka ƙera tun 2012 za ta riƙa tashi da wannan saurin ba. ThinkPad X230 ce, ta hannu, irin waɗanda ake kawo mana daga Kano. Na kai ta wurin wani mai gyara kusa da Kasuwar Dole ya cire BIOS ɗin da ta zo da shi, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta idan an kunna ta, ya sa mata Libreboot, manhajar kyauta mai maye gurbin BIOS wadda aka gina a kan wata irinta mai suna coreboot. Yanzu kafin in gyara zama Linux ya fito. Katin Wi-Fi da tsohon BIOS ke ƙi, yana tsayar da ni da saƙon kuskure mai lamba 1802, ya shiga lafiya lau. Ko don wannan kaɗai na ce kuɗina ba su tafi banza ba.

Yaron yana da hannu, wannan gaskiya ce. X230 ƙwayoyi biyu gare ta da ke ɗauke da BIOS, ɗaya mai 8MB ɗaya mai 4MB, kuma karon farko akan buɗe ta a kama su da ɗan matsin nan mai haƙora takwas. Ya ma san cewa baƙar CH341A, na'urar da ake karanta ƙwayoyin da rubutu a kansu da ita, tana iya tura volt 5 inda ake son 3.3, ya riga ya gyara tasa. Da na ga haka hankalina ya kwanta.

Sai zafi ya shigo, ana ɗauke wuta dare da rana, tsohon batir kuma ba ya riƙe komai. Na sayo sabo, ba na kamfani ba, don wa ke samun na asali a Damagaram? Na sa shi, ya ƙi caji. Abin da ke tantance batir a wannan kwamfutar yana cikin wata ƙwaya daban da ake kira EC, kuma Libreboot ba ya taɓa ta. Akwai gyaran da ake yi mata ta karɓi kowane batir, amma da tsohon BIOS ake yin sa, kafin a cire shi. Wanda ya san zancen volt 5 bai san wannan ba? Na koma na ce, "Ƙanena, mayar mini da tsohon BIOS ɗin, mu gyara EC sai mu sake sawa." Ya sosa kai ya ce, "Wallahi babban yaya, ban ajiye ba." Bai ajiye ba! Karanta ƙwaya a adana kwafinta kafin a rubuta komai a kanta, ai shi ne farkon abin da ake koya a wannan aikin. Raina ya ɓaci sosai, har yanzu ma idan wuta ta tafi ina tsakiyar aiki sai abin ya dawo mini sabo.

Sabunta Libreboot dai ba ta ba ni wahala ba. Daga cikin Linux na yi ta da flashprog, manhajar rubutu a kan ƙwaya, bayan na ƙara umarnin iomem=relaxed wajen tashi don Linux ya ba ta dama, ba sai an sake kwance ko ƙusa ɗaya ba. Amma da tsohon batir na yi ta, gabana yana faɗuwa, don in wuta ta yanke ana cikin rubutu kwamfuta ba za ta sake tashi ba sai an koma ga matsi.

Libreboot zan sake sa shi gobe ma. Shagon nan kuwa ba zan tura kowa ba, sai wanda zai tsaya a kansa har ya ga kwafin ƙwayoyin biyu a filashinsa.