Baldur's Gate 3 a hannun sabon shiga: da wane gwarzo ya kamata a fara?

Abu na farko da Baldur's Gate 3 yake tarar mutum da shi, tun kafin ya zare takobi ko ya yi magana da kowa, shi ne shafin ƙirƙirar gwarzo, kuma a nan ne sababbin shiga da yawa suke yin turus. Rukunoni 12 ne jere a gaban mai wasa, kowanne da rassansa, ga jinsuna, ga maki 27 da za a raba wa siffofi shida, ga jerin sihirce-sihirce masu sunayen da ba su gaya wa baƙo komai. Kamfanin Larian Studios na ƙasar Beljiyam ne ya fitar da wasan a kwamfuta ranar 3 ga Agusta, 2023, bayan kusan shekara uku yana hannun masu gwaji tun daga Oktoban 2020, kuma ya gina shi a kan dokokin bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wasan labari da ake yi a kan tebur da ɗan lido. Wanda ya saba da waɗannan dokoki zai ji kamar ya dawo gida. Wannan sharhi kuwa na wanda bai taɓa jinsu ba ne, kuma tambayar da nake auna wasan da ita guda ɗaya ce: shin yana taimaka wa baƙo ya zaɓi rukunin da zai koyi wasan da shi ba tare da ya karaya ba?

A taƙaice, wasan yana yafe kuskure ƙwarai, amma ba ya yin jagora yadda ya kamata. Shafin zaɓen yana nuna abin da gwarzo zai samu a mataki na farko kawai, alhali matakai 12 ne a gabansa, kuma ainihin halin kowane rukuni ba ya fitowa sai a mataki na uku ko na biyar. Mutum yana sayen doki ne ta hanyar duba kunnensa. Wannan shi ne babban aibin da na gani a wannan ɓangare, domin ɗan jadawali da ke nuna abin da ke tafe zai wadatar.

Ni da matsafi na fara, wanda wasan ya kira Wizard, saboda kwaɗayin jefa wuta. Makin ransa takwas ne kacal a mataki na farko, kuma guraben sihirinsa biyu ne, wato sau biyu zai yi tsafi mai ƙarfi kafin ya koma ga ƙananan dabarun da ba sa cin gurbi. A faɗan da ake yi da dodannin goblin a ƙofar wata mafaka mai suna Emerald Grove, wanda yana cikin manyan faɗace-faɗacen farko, na tura shi gaba don ya hango abokan gaba da kyau, na kashe gurabensa a zagaye biyu, sai wani maharbi ya ɗirka masa kibiya, wani kuma ya rufe shi da sara. Ya faɗi warwas, ni kuma na ɓata zagayen abokiyar tafiyarsa wajen tayar da shi. Laifina ne, ba na wasan ba, amma irin laifin da duk baƙo zai yi ne, domin matsafi yana buƙatar mutum ya riga ya san inda ake tsayawa, da lokacin da ake tattalin sihiri, da kuma ƙa'idar da ta ce sihiri ɗaya tak mai buƙatar tattara hankali za a iya riƙewa a lokaci guda. Duk waɗannan darussa ne da ake koya a cikin wasan, ba a shigowa da su.

Da na sake farawa da mayaƙi, wato Fighter, sai wasan ya buɗe mini ta wata fuska dabam. Makin ransa 12 ne idan an ba shi ƙarfin jiki daidai da na matsafin can, yana iya sa kowane irin sulke har da mafi nauyi, yana riƙe garkuwa, kuma babu makamin da ya gagare shi. Tun daga farko yana da dabarar warkar da kansa sau ɗaya kafin hutu, a mataki na biyu kuma yana samun damar yin aiki biyu a zagaye guda, kuma dukansu suna dawowa da gajeren hutu, wanda ake da guda biyu kafin a koma sansani a kwana. A mataki na biyar saransa ya zama biyu a kowane zagaye, a na 11 ya zama uku, kuma yana samun ƙarin baiwa a mataki na shida wadda yawancin rukunoni ba sa samu.

Amma ba waɗannan alƙaluma ne suka sa nake fifita shi ba. Faɗa a wannan wasa bi-da-bi ake yin sa, kuma abin da ke yanke hukunci sau da yawa ba girman makami ba ne, wuri ne. Wanda ya yi harbi daga tudu yana samun ƙarin maki biyu a kan abin da ɗan lido mai fuska 20 ya ba shi, wanda ke ƙasa kuma ana rage masa biyu. Ana iya hankaɗa abokin gaba ya faɗa rami, ana iya tsalle a tsallake wuta, ana iya jefa wa aboki kwalbar magani daga nesa ta fashe a kansa ya warke. Mayaƙi, da yake jerin dabarunsa gajere ne, yana barin idon mai wasa ya sauka a kan filin daga maimakon ya maƙale a kan gumakan da ke ƙasan allo. Na tuna lokacin da na fara lura da cewa kason samun sa'ar sara, wanda wasan ke nunawa a kan abokin gaba, yana sauyawa idan na matsa taku kaɗan ko na sa wani ya fara kayar da shi. Da matsafi ban taɓa kula da wannan lamba ba, domin hankalina yana kan karanta bayanin sihiri. Ƙarfin mayaƙi kuma shi ne yake sa tsallensa ya yi nisa, hankaɗarsa ta yi tasiri, saboda haka duk waɗannan dabaru na fili sun fi yi masa kyau.

A mataki na uku ake zaɓar reshe. Champion shi ne mafi sauƙi, domin abin da yake ƙarawa shi ne mugun sara ya riƙa fitowa a kan 19 da 20 maimakon 20 kaɗai, sai dai yana iya gundurar mutum bayan sa'o'i masu yawa. Battle Master na fi ba da shawara: dabaru uku ake zaɓa da farko, irin su kayar da abokin gaba ƙasa, ko fizge masa makami, ko rama sara idan ya kai hari ya kuskure, kuma sau huɗu ake amfani da su kafin gajeren hutu. Wannan tattali ne ƙarami da ke koya wa mutum irin lissafin da zai buƙata ranar da ya koma ga masu sihiri.

Akwai hujja mai ƙarfi a kan wannan zaɓi, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Tawagar mutum huɗu ce, kuma Lae'zel, wadda ake haɗuwa da ita tun a cikin jirgin dodannin da labarin ya fara, mayaƙiya ce. Ban da haka, gwarzon da mutum ya ƙirƙira shi ne yake yawan magana da jama'a, kuma a fagen lallashi da yaudara kwarjini ne yake aiki, abin da mayaƙi ba ya taƙama da shi. Wannan ne ya sa ake yawan nuna wa baƙi Paladin, wanda a Hausa barde ya fi dacewa da shi, ko da yake kada a rikita shi da Bard na cikin wasan, wanda mawaƙi ne. Barde yana da sulke mai nauyi kamar mayaƙi, yana da kwarjini, yana warkarwa, kuma saransa mai haske yana rugurguza manyan abokan gaba. Matsalarsa ita ce rantsuwa. Kowane barde yana ɗauke da alkawarin da zai iya karyewa saboda zaɓi guda a cikin hira ko hari guda a kan wanda bai cancanta ba, kuma wasan ba ya yin gargaɗi kafin a taka. Idan ta karye, gyaranta yana cin zinariya mai yawa a lokacin da aljihu bai cika ba, kuma ba a iya sauya rukuni sai an gyara ta. Ga wanda yake son ya gwada kowace ƙofa ya ga abin da ke bayanta, kamar yadda baƙo yake yi, wannan takunkumi ne. Shi kuwa raunin mayaƙi a fagen magana yana da magani: Shadowheart, ɗaya daga cikin abokan tafiya, tana da ƙaramin sihirin da ke ƙara maki ɗaya zuwa huɗu a kan jifan ɗan lido, ana iya tura wani abokin tafiya ya fara hirar, kuma faɗuwa a jifa sau da yawa ba ta rufe labari, wata hanya take buɗewa.

Barbarian yana kusa da mayaƙi a sauƙi, yana da makin rai fiye da kowa, kuma idan ya fusata rabin ɓarnar sara da suka da duka ne kawai ke kama shi, sai dai Karlach, wata abokiyar tafiya, ta riga ta cika wannan gurbi da kyau. Wanda kuma ya dage sai sihiri, to Warlock ya fi masa matsafi, domin yana da harbi guda mai ƙarfi da ba ya ƙarewa, gurabensa kaɗan ne kuma suna dawowa da gajeren hutu, ga kwarjini a bakin magana. Druid da Monk da Sorcerer a bar su sai an sake buga wasan karo na biyu.

Inda wasan ya cancanci yabo ba tare da ragi ba shi ne Withers, wani busasshen tsoho da ake samu a cikin wani kabari kusa da inda jirgin ya faɗi, wanda daga baya yake tarewa a sansani. Da zinariya 100 kawai yake mayar da gwarzo mataki na farko a sake zaɓar rukuni da rabon maki, ba tare da an rasa ƙwarewar da aka tara ba, kuma haka yake yi wa abokan tafiya. Idan aka haɗa wannan da matakin wahala na Explorer, wanda ke sassauta faɗa kuma yake rufe damar gauraya rukunoni don kada baƙo ya rikice, da maɓallin F5 da ke adana wasa nan take, za a ga cewa tsoron da shafin farko yake jefawa a zuciya ya fi haɗarin da ke cikinsa yawa. Ya kamata a sani kuma cewa wasan na manya ne, akwai zubar da jini da al'amuran da ba su dace da yara ba, kuma yana neman wajen gigabait 150 a kwamfuta.

Mayaƙin nan nawa na riƙe shi har mataki na biyar, lokacin da na ga na daina duba bayanin kowace alama kafin in taɓa ta. Daga nan na je wurin Withers na biya zinariya 100 na mayar da shi matsafi, kuma a faɗan farko da na yi bayan haka na ajiye shi a kan wani dutse a bayan Lae'zel, ya jefa ƙwallon wutarsa daga can, ba wanda ya kai gare shi.