Keken VTT a Yamai: mai iska ko mai sifirin?

In ka je kasuwa neman keken VTT, wato keken hawan gargada da duwatsu, na hannu, abin da dillali zai fara yi shi ne ya danne kan keken da ƙarfi, ƙafar gaba, wato sandunan nan biyu da ke riƙe da tayar gaba, ta nutse ta dawo, ya ce, “Alhaji, ka ga laushi?” Wannan dannawar ba ta gaya maka komai ba. Abin tambaya shi ne me ke cikin ƙafar, sifirin ne ko iska.

Ganewa ba wuya. Dubi saman sandar hagu ta ƙafar, ka kwance ɗan murfin. In ka ga bawul irin na tayar mota, mai iska ne. In abin murɗawa ne na roba mai alamar + da −, sifirin ke ciki.

Mai sifirin, irin su SR Suntour XCT da XCM, ya fi araha, ya fi nauyi, kuma babu ruwansa da famfo. Aibinsa ɗaya: ƙarfin sifirin ɗin na matsakaicin mutum ne. Yaro siriri ba zai iya nutsar da shi ba, ƙato kuma ya kai shi ƙasa a ramin farko. Wanda tafiyarsa ba ta wuce daga Yantala ya haye gadar Kennedy zuwa jami’a ba, wannan ya ishe shi.

Mai iska, kamar RockShox Recon ko Fox 32, na wanda ke sauka daga kwalta ne, ya shiga gargada da duwatsun bayan Harobanda. Kai ke daidaita shi da nauyin jikinka. Sai dai kuɗinsa ba su ƙare a kan keke ba, dole ka sayi famfonsa na musamman. Ni na ɗauka wayo ne, na kai nawa wajen mai faci. Mazubin iskar ɗan ƙarami ne, kafin yaron ya cire tiyo ƙafar ta sandare kamar taɓarya, ranar kafaɗuna suka gaya mini.

Famfon iri biyu ne, mai allura da mai nuna lamba. A ma’aunin ƙarfin iska, dukansu sukan kai psi 300, wajen bar 20 ke nan. Mai lamba ya fi sauƙin karantawa, amma yana cin ɗan batir, kuma ranar da ka fi bukatarsa yake mutuwa. Mai allura na zaɓa. Kowanne ka ɗauka, ka tabbata yana da maɓallin rage iska kaɗan-kaɗan. Fitar iskar da kake ji in ka kwance shi, ta cikin tiyo ce, kada ka tsorata ka ƙara.

Ga yadda ake aunawa. Tura zoben robar da ke jikin sandar har ƙasa, ka hau keke da jakarka da gorar ruwanka, ka dafa bango, sannan ka sauka a hankali ba tare da girgiza ba. Ƙafar da ke nutsewa milimita 100, zoben ya hau milimita 15 zuwa 20. Ya wuce haka, ƙara iska. Bai kai ba, rage. In keken yana da irin wannan mai nutsewar a baya, kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nutsewarsa ake so. Kuma kada ka auna keken da ya wuni a ranar Afrilu, iskar ciki ta riga ta kumbura, allura za ta yaudare ka.

Kafin ka biya, shafa sandunan nan masu sheƙi da yatsa. Ƙarzuwa ko tsatsa na cinye robar baki, ƙurar hunturu ta samu hanya. RockShox kan ce a canza mai duk bayan awa 50 na hawa, kuma robobin sau da yawa sai an yi oda daga waje. Ka je da famfonka, ka hura, ka roƙi dillali ya bar keken ya kwana. In ka sake ɗaura famfon, allura za ta ɗan sauka saboda cika tiyo, wannan ba komai. In ka tarar ta faɗi rabi da safe, bar masa kayansa ka duba na kusa da shi.