Daga Bronx: inda yara ke zama bayan an tashi makaranta

Yaya, barka da war haka. Ya gida, ya jikin Inna? Kin tambaye ni wa ke riƙe min yaran nan in na tafi aiki, tunda nan ba kaka, ba maƙwabciyar da zan leƙa in ce ta sa musu ido.

Makarantun gwamnati a nan New York wajen biyu da rabi ake tashi, ni kuwa aikin kula da tsofaffi da nake yi ba na sauka sai biyar ta wuce. A gida wannan ba abin tunani ba ne. Yaro ya dawo boko, ya ci abinci, ya saɓi jakarsa ya wuce Islamiyya, in ya tsaya shiririta a hanya duk babban da ya gan shi zai kwaɓe shi. Nan kowa ƙofarsa a rufe, kuma in aka ga ƙaramin yaro shi kaɗai ana iya kira maka hukumar kare yara.

Abin da ya rufa min asiri shi ne wani shiri da ake kira COMPASS. Hukumar matasa ta birni ce ke ba ƙungiyoyin unguwa kwangila da kuɗi, su kuma su riƙe yara har ƙarfe shida, iyaye ba sa biyan ko sisi. Tun 2005 aka fara shi, zamanin magajin gari Bloomberg, da wani sunan daban. A 2014 Bill de Blasio ya faɗaɗa shi ga 'yan aji shida zuwa takwas.

Da ma kin ga wurin da idonki. Lokacin sanyi kafin biyar gari ya yi duhu, in shigo hannuna ya ƙandare, in sa hannu a takarda kafin a fito min da su. Ranar nan na tarar da babbar a ɗakin cin abinci, wata budurwa ma'aikaciya ta durƙusa kusa da ita tana yanka takarda gida huɗu don ta gane lissafin kwata da rabi. Gefenta ga kwalin madara da ragowar tuffa. Aikin gida an gama, an ci abinci, an buga ƙwallo. Turancina bai kai in koya mata wannan lissafin ba, a gida kuwa kin san abin da mai lesin zai karɓa duk wata.

Sai dai hankali ba ya kwanciya gaba ɗaya, don kuɗin tallafi ne, yau akwai gobe ba tabbas. Wasu cibiyoyin ma da kuɗin gwamnatin tarayya suke tafiya, kusan dala biliyan 1.3 a shekara ga ƙasar baki ɗaya. Ana raba wa jihohi, ƙungiyoyi su rubuta takardar nema su yi takara, wadda ta ci a ba ta na shekara uku zuwa biyar, ana fifita makarantun da 'ya'yan talakawa suka fi yawa. A Yulin 2025 gwamnatin Trump ta riƙe kuɗin, sai bayan kusan mako uku aka sake shi. Wata ƙawata Bahaushiyar Kumasi, yaranta uku suna irin wannan cibiyar, kullum sai ta kira ni da dare tana lissafin ko ta ajiye aiki.

Ni ma na ɗanɗana. Autana ya yi wata huɗu sunansa na jerin masu jiran gurbi, dole na rage awannin aiki. Shi ya sa kika ga aiken bara ya ragu, ban dai faɗa miki ba a lokacin.

Wajen abinci da tsaro da taimakon karatu, gaskiya sun yi mana nisa. Amma ma'aikatan ba sa daɗewa saboda albashin ba yawa, yaro na sabawa da wannan sai a kawo wata. Malamin Islamiyyarmu kuwa shi ya karantar da ke, ya karantar da ni, ya san gidanmu har kakanni. Karatun Alƙur'ani babu shi a shirin, sai Asabar da Lahadi a masallacin unguwa, shi kuma mu muke biya. Kwana biyu a mako ya yi kaɗan, babbar har yanzu ba ta haɗa izu biyu ba, abin yana damuna ƙwarai.

In kin samu mai tahowa, ki aiko min da ƙaramin allo guda biyu da alƙalamin kara. Ki gaida Inna, ki ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.