Tikitin Dobla de Oro na Alhambra: wa ya kamata ya saya?

Mutanenmu na Jidda da Makka da ke zuwa Andalus, a kudancin Sifen, a hutun makaranta sukan sauka birnin Garnaɗa (Granada) da niyyar ganin fadar Alhambra kawai. Akwai tikitin fada zalla, akwai kuma Dobla de Oro, wanda ya haɗa fadar da tsofaffin gine-ginen Musulmi na unguwar Albaisin. Duka biyun hukumar da ke kula da Alhambra ce ke sayarwa a shafinta na intanet. A can ya kamata a saya, domin 'yan tsakiya suna ɗora riba.

Abin da ya fi cin mutane shi ne lokaci. Tikitin yana ɗauke da sa'ar shiga fadodin sarakunan Banu Nasar, wato sarakunan Musulmi na ƙarshe a Garnaɗa, kuma wanda ya makara ya rasa, babu roƙo, babu wasɗa, wato alfarma. Daga babbar ƙofar shiga zuwa fadodin tafiyar kusan minti 15 ce a ƙafa, ga layi. Mai tikitin ƙarfe 10 ya kasance a harabar tun 9 da rabi. Ƙofar Husticiya ta fi kusa, ga wanda tikitinsa ke cikin waya. Sauran sassan, wato ganuwar Alkasaba da lambunan Janaralife, ana shiga kowane lokaci a ranar.

Tikitin na mai suna ne. A rubuta suna da lambar fasfo yadda suke a fasfon, a kuma riƙe fasfon a hannu. Iƙama, wato katin zama na Saudiyya, ba ta da aiki a nan. Masu jarirai su sani ba a shiga fadodin da keken yara, sai goyo.

Cikin fadar kuwa kuɗi ya biya. Farfajiyar Zakuna ta zamanin Sarki Muhammadu na biyar, a ƙarni na 14, tana da zakuna 12 ɗauke da kwanon ruwa da ginshiƙai 124. Mai karanta Larabci ya fi sauran baƙi morewa, don zai riƙa tsintar "Wa la galiba illallah" a bango bayan bango, ba sai ɗan jagora ya fassara masa ba.

Ƙarin da Dobla de Oro ke bayarwa ƙanana ne, kada a yi zaton wata Alhambra ce ta biyu. Akwai Banyuwelo, gidan wanka na ƙarni na 11 a bakin kogin Daro, mai rufi da ramukan haske masu siffar taurari. Minti 20 sun isa. Akwai Darul Hurra, gidan A'isha mahaifiyar Abu Abdullahi, sarkin da ya miƙa birnin a 1492. Kusan babu kaya a ɗakunan, gini ne da tarihi. Hanyoyin unguwar hawa ne da duwatsu, kamar tsofaffin unguwannin Makka na kan dutse, saboda haka dattawa su hau ƙaramar bas.

Mai kwana ɗaya a Garnaɗa ya tsaya ga tikitin fada, don fadar kaɗai tana cin awa uku. Mai kwana biyu ya sayi Dobla de Oro, ya ware wa Albaisin yini guda, ya yi sallah a Babban Masallacin Garnaɗa da aka buɗe a 2003, wanda daga lambunsa ake hango Alhambra gaba ɗaya. A lokacin hutu tikiti kan ƙare makonni kafin ranar, don haka da zarar bizar Shengen ta fito a saya.