Wata takwas ina aiki da bakunan defonsez na rufe gefen kontirfilake

Ni kafinta ne, atiliyena yana Bukoki a nan Yamai, tafiyar ƙafa zuwa kasuwar Katako. Defonsez inji ne mai juya baki na ƙarfe da sauri, yana sassaƙa gefen katako. Abin da ya sa na nemi waɗannan bakuna aikin wani malamina ne. Littattafai sun yi masa yawa, tafsirai da kundayen hadisi masu mujalladi goma-goma, ya ce in yi masa kantoci bango guda. Kowa ya san halin kontirfilake: fuska sumul, gefe kuwa falle kan falle kamar an yanka albasa, wani wurin har da rami. In ka ɗora masa nauyi a tsawon mita guda, kafin shekara ya yi ciki. Maganin duka biyun shi ne a manna masa katako na gaske a baki.

Yadda na koya wurin maigidana, ka shafa kol, ka ɗora siririn katako, ka bi shi da ƙananan ƙusoshi. Yana yi, amma katakon yakan sulɓe a kan kol kafin ka gama bugu, ramukan ƙusa kuma sai an cike su, kuma suna nunawa bayan an shafa warniki.

Bakuna uku ne a akwatin, ƙanena ya taho min da su daga Kano. Na farko yana tsaga kwari a tsakiyar gefen kontirfilake, na biyu yana fitar da harshe a jikin katakon, su shige juna. Na uku miƙaƙƙe ne mai ƴar taya a ƙarshensa, shi ke aske abin da ya yi tozo. Ranar da suka iso ban iya ɗaura ko ɗaya ba. Ƙafarsu, sandar da ke shiga cikin inji, rabin inci ce, wato milimita 12.7, maƙoshin injina da ke riƙe ta kuwa milimita 12. Sai da na yi sati biyu kafin na samo maƙoshin da ya dace. Duk mai son saye ya auna injinsa tukuna, don injinan da ke zuwa mana ta Turai yawanci 8 ne ko 12. Kada kuma a tura ƙafa da ƙarfi ko a naɗa mata wani abu. Ƙarfen da ke juyawa fiye da sau 20,000 a minti guda ba a yi masa dabara.

Na kifa injin a ƙarƙashin tebur, na kafa masa shinge. Nan ne aikin yake, wurin saiti. Fallen da ake sayar mana, mai santimita 122 da 244, ana ce masa milimita 18, amma in ka auna sai ka ga 17 da ɗoriya, wani fallen ma ya bambanta da ɗan'uwansa. Ashe kwarin ba zai faɗa tsakiya don kansa ba. Guntaye shida na ɓata kafin harshe da kwari suka zauna daidai, kuma na ajiye guntun ƙarshe a rataye, da shi nake saiti yanzu cikin minti biyar.

Da suka zauna kuwa, wallahi na ji daɗi. Ka shafa kol, ka tura, ka ji ya shige da ɗan tauri, ka matse, ba ya motsi ko'ina. Babu ƙusa ko ɗaya. A watan Afrilu, da zafin nan da ke wuce digiri 40, kol yana fara kamawa kafin ka kai ƙarshen kanta, don haka haɗin da ke daidaita kansa ba ƙaramin taimako ba ne. Jan katako na sa a gaba, na bar shi ya sauko santimita 4, ya zama kamar ƙashin baya ga kantar. Abu guda da nake roƙon ƴan'uwa: kada a tura siririn katako a bakin nan da yatsu. Ka fitar da harshen a jikin faffaɗan katako, sannan ka tsage shi da zarto.

Bakin askin shi ya fi ba ni wahala. Fatar saman kontirfilake ba ta kai milimita guda ba. Injin ya ɗan karkata a hannuna a kan gefen, ya ci fatar, farin ciki ya leƙo, tsawon ɗan yatsa. Wata rana kuma busasshen kol ya tokare tayar ta bar tudu. Yanzu ina kankare kol tun yana danƙo, in haɗa kanta biyu a tsaye da katako tsakaninsu don injin ya samu wurin zama. A jan katako, in ka yi jinkirin tura shi yana ƙona itacen ya bar baƙin tabo. Kaifin bakin askin ma ya fara ja baya kafin na sauran, ga tayar tana shan ƙura, sai an wanke ta an ɗiga mai.

Maigidana ya leƙo ranar da nake haɗa kanta ta ƙarshe. Ya shafa gefen da tafin hannu, ya juya kantar, ya ce, "Ina ƙusoshin?" Na ce, "Baba, babu su." Ya ce, "To, bari hunturu ya zo mu gani."

Hunturun ya zo. Cikin kantoci goma sha biyu, goma sha ɗaya ko gezau. Guda ɗaya katakon gabanta ya tsuke, farce yana jin ɗan tudu inda da yake sumul, kuma laifina ne: katakon bai ishe ni ba, na koma Katako na sayo wanda bai gama bushewa ba, na yanka shi a ranar. Harshen dai ya riƙe, bai ɓalle ba.

Ga kantar kantin unguwa da za a jera gwangwanin tumatir, ba zan ɗauko waɗannan bakuna ba, mai aikin ba zai biya lokacin ba. Ga littattafai da kabad ɗin ɗaki, ban ƙara komawa ƙusa ba. Malam ya riga ya aiko a auna masa bango na biyu, katakonsa na can na jingine a inuwa tun watan jiya.